Gidajen 'Yan Birni a Ƙauye da Haƙƙin Waɗanda Ke Kwana Kusa da Su

Duk wanda ya saba bin hanyar Gombe zuwa Dukku, ko wadda ta bi ta Kumo ta nufi Billiri da Kaltungo, ko ta Dadin Kowa, ya san irin gidajen da nake nufi. A bakin gari suke, galibi kusa da kwalta, da doguwar katangar bulo da ƙofar ƙarfe da kwano mai sheƙi da tankin ruwa a sama. Mafi yawan watannin shekara kwaɗo ne a ƙofarsu. Masu su 'yan garin ne, a nan aka yanke musu cibiya, amma zamansu yana Gombe ko Bauchi ko Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas. Ana buɗe gidajen da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, a kudancin jihar kuma da Kirsimeti, sai in an yi rasuwa ko ɗaurin aure, sai kuma lokacin zaɓe.

Ni ɗan wani ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin jihar, aiki ya zaunar da ni a cikin Gombe, saboda haka ina jin maganar masu ginin idan mun haɗu a birni, ina kuma jin ta mutanen gida idan na je. Abin da na fahimta shi ne, gida ko a kulle yake maƙwabci ne. Ya ci fili, yana zubar da ruwa idan an yi sama, yana bukatar a sa masa ido da dare, kuma duk wannan yana gudana ne a watannin da mai shi ba ya nan. A cikin waɗannan watanni ake gina alaƙarsa da mutanen gari ko a rushe ta, ba a kwana ukun da yake zuwa da buhunan shinkafa ba.

Adalci ne a fara da cewa masu ginin ba a banza suke yi ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, aka kuma fitar da Gombe daga cikinta ranar 1 ga Oktoba, 1996, aikin gwamnati da kasuwanci suka riƙa jan 'ya'yan ƙauye zuwa hedikwata, sannan komawar gwamnatin tarayya Abuja a 1991 ta ja wasu zuwa can. Sai dai tsarin ƙasar nan ba ya barin mutum ya yanke da asalinsa. Yaron da aka haifa a Abuja, ya yi karatunsa duka a can, ranar da zai nemi aikin tarayya ko shiga soja, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma za a tambaye shi, kuma galibi ba ta samuwa sai dagaci da hakimi sun shaida cewa sun san ubansa. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa in ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, zai ajiye, don haka tun da sauran ƙarfinsa yake tanadin inda zai koma. Ɗan siyasa kuwa mazaɓarsa ce jarinsa. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi a zuciya shi ne mutum yana son idan ya zo gaida mahaifiyarsa ya sami inda zai sauka da iyalinsa ba tare da an tashi wani daga ɗakinsa ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ban ga laifin wanda ya ji tsoron haka ya zo ya kafa tubali a garinsu ba.

Matsalar tana farawa ne daga fili. Wanda ya daɗe a birni yakan kalli bakin gari ya ga sarari, amma manomi ya san babu ƙasar da ta kai ta nan daraja. Gonakin da ke jikin gari su ne suka sha takin gida shekara da shekaru, da toka da juji da kashin dabbobi da ake kwasowa a kan jaki ko amalanke kafin faɗuwar damina. Su ne tsoho ke iya zuwa da ƙafarsa ya yi noma ya dawo kafin azahar, su ne mata ke samun kuɓewa da yakuwa a gefensu. Su ɗin ne kuma mai son gini yake nema, saboda kusancinsu da hanya. Idan ya zo da kuɗin da aka samo da ma'aunin Abuja ya biya abin da ba a taɓa ji ba a garin, mai gonar zai yi murna, dillali zai karɓi la'adarsa, amma daga ranar wannan kuɗi ya zama farashi. Saurayin da ke shirin aure, wanda a da ubansa zai yanka masa gefen gona ya yi ɗaki biyu na ƙasa, ko a je wurin mai unguwa a nuna masa wuri, yanzu sai ya tarar da cewa yana gasa ne da mai albashin tarayya. Na san samarin da suka ɗage aure saboda wannan, na kuma san waɗanda suka sa amarya a ɗakin da aka raba da labule a gidan iyayensu, alhali a bayan katangarsu akwai ɗakuna da falo da babu mai kwana a ciki.

Yadda ake cinikin ma abin dubawa ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a wuraren da ba birni ba, ta kuma ce ba a sauya hannun irin wannan haƙƙi sai da amincewar hukuma. A aikace, abin da aka fi gani shi ne takarda guda da aka rubuta da biro, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Wannan kan wadatar idan gonar ta mutum ɗaya ce. Amma gonaki da yawa na gado ne da ba a raba ba, sai babban wa ya sayar shi kaɗai, 'yan'uwansa mata da ke aure a wasu garuruwa ba za su ji labari ba sai tifa ta sauke yashi. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya san haƙƙin shufu'a, wato idan wani ya sayar da rabonsa a cikin ƙasar da ba a raba ba, abokan tarayyarsa ne suka fi cancanta su karɓa a kan kuɗin da aka saya. Mai saye da ya yi karatu, ya san kotu, ya san lauya, shi ya fi kowa sanin cewa ya kamata ya tambaya ko an raba gadon, ko matan gidan sun yarda. In bai tambaya ba, to ya gina gidansa a kan ɓacin ran zuri'a guda, kuma ko ba a je gaban alƙali ba, za a riƙa nuna katangar ana cewa gonar babanmu ce.

Sai siffar ginin. Gidan gargajiya da zaure yake farawa, kuma zaure rabin sa na mai gida ne, rabi na gari. A nan ake sallama, a nan ake zaman ta'aziyya, a nan baƙon da dare ya yi masa yake shimfiɗa tabarma, a nan ake fito da tuwo a ci tare da maƙwabta bayan magariba. Sababbin gidajen nan da yawansu ba su da zaure, ƙofar mota ce da ɗan ɗakin maigadi. Na taɓa ganin wani dattijo, ƙanin kakan mai gidan, ya zo gaisuwar Sallah da sandarsa, ya tsaya a rana yana buga ƙarfe da tafin hannu. Maigadin da aka zo da shi daga birni ya leƙo ta ƙaramar taga ya tambaye shi wa za a ce. Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ka ce masa Kakansa ne." An buɗe masa, mai gidan ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, kuma na tabbata bai yi nufin wulaƙanci ba. Amma tsohon ya riga ya tsaya a bakin ƙofar jikansa ana tambayarsa sunansa, a garin da babu yaron da bai san shi ba. Rumfa da dakali a waje, ko zaure ƙarami a gefen ƙofar, ba za su ci kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ba.

Ruwan sama ya fi wannan cutarwa, domin shi dukiya yake ci. Ana ɗaga harsashin sabon gini sama da na maƙwabta, a shafe tsakar gida duka da siminti, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa sai ya taru daga kan faffaɗan kwano ya fita ta kwata guda da aka huda a ƙasan katanga. Ina yake zuwa? Lungun da ke tsakanin gidan da na maƙwabci, wanda katangarsa ta ƙasa ce. Ruwan watan Agusta na dare biyu ya isa ya ci gindinta. Mu mutanen Gombe ba sai an yi mana bayanin zaizayar ƙasa ba, mun ga yadda ƙaramar hanyar ruwa take zama kwari a cikin 'yan shekaru. Idan katangar ta faɗi, mai sabon gida yana can bai sani ba, maƙwabcin kuma kara da kunya ba za su bar shi ya ɗaga waya ya ce da Alhaji ruwan gidanka ya rushe mini ɗaki ba, musamman in Alhajin ne ya taɓa biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa. Sai ya kwaɓa ƙasa ya gyara, ya bar abin a ransa. Haka nan turbar da mata ke bi zuwa rijiya, ko burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, sau da yawa katanga ko waya takan haɗiye su saboda ba sa cikin takardar ciniki, duk da cewa kowa a garin ya san da su. Hadisi ne sananne cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Ban ji malamin da ya ce wannan haƙƙi yana faɗuwa idan mutum ya kulle gida ya tafi ba.

A yankinmu babu abin da yake auna mutum kamar ruwan sha. Ruwa yana da nisa a ƙarƙashin ƙasar Dukku da kewayenta, haƙa rijiyar burtsatse a can ba aikin talaka ba ne, kuma da rani mutane kan dogara da tafki da tankar ruwa da masu tura kura. Birnin Gombe kansa daga madatsar Dadin Kowa ake turo masa ruwa. To a irin wannan wuri, idan mutum ya haƙa burtsatse a cikin gidan da ba ya kwana, gari duka ya sani. Wasu suna fitar da famfo waje, Allah ya saka musu da alheri, amma na lura cewa fitar da famfon ba shi ne ƙarshen aikin ba. Inda abin ya ɗore, za ka tarar an sa injin mai aiki da hasken rana, an damƙa shi ga mutum biyu ko uku da unguwa ta yarda da su, ana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowace jarka, ana ajiyewa domin gyara. Inda aka ce kyauta ne kawai kuma makullin yana aljihun mai gida, ranar da injin ya tsaya a watan Maris, to ya tsaya ke nan sai ya zo, mata da yara su koma tafki suna wuce tankin da ke rataye a sama babu ko ɗigo.

Akwai wani mutum da ba a cika maganarsa ba, shi ne ɗan'uwan da aka bar wa makulli. Shi ke nome ciyawa, shi ke zuba maganin gara, shi ke kwana a ɗakin waje don kada a ɓalle taga, shi ke tsayawa kan magina da kafinta. Da yake ɗan'uwa ne, ba a yanka masa albashi, sai abin da aka ga dama idan an zo. Ranar da batirin sola ya ɓata kuwa, shi ne farkon wanda za a kalla. Aiki ne yake yi, kuma ya dace a kira shi aiki, a faɗi abin da za a riƙa ba shi kowane wata. Yin haka ba ya rage zumunci, kare shi yake yi.

Ba zan ɓoye laifin mutanen gida ba, domin ɓoyewar ba ta taimaki kowa ba. Labarin wanda ya yi shekaru yana aiko da kuɗin gini, ana turo masa hoton bulo a waya, ya zo ya tarar ko linta ba a kai ba, ba baƙon labari ba ne a garuruwanmu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma wanda aka ci masa kuɗin gini a irin wannan lokaci ba ƙaramar asara ya yi ba. Akwai lebura da mai yashi da mai kaza da suke da farashi biyu, ɗaya na ɗan gari, ɗaya na wanda ya zo a mota. Akwai layin masu bukata da ke kafuwa tun bayan sallar asuba, kowa da takardar asibiti ko maganar taki, har mutum ya kasa zama da mahaifiyarsa na sa'a guda. Bukatun gaskiya ne, talauci ne ya kawo su, amma sakamakon shi ne mai zuwa ya riƙa rage kwanakinsa. A 'yan shekarun nan kuma tsoron masu garkuwa da mutane, da zargin cewa a cikin gari ake samun masu ba su labari, ya sa wasu ba sa kwana ko kaɗan, la'asar na yi sai su kama hanyar Gombe. Garin da yake son 'ya'yansa su riƙa dawowa dole ya sa su ji cewa ana ganinsu a matsayin 'ya'ya, ba taska ba.

Ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan birni ke kafawa sun yi aiki mai yawa. Sun gina azuzuwa, sun biya wa marayu kuɗin jarrabawa, sun bi ofisoshi har an kawo taransifoma. Abin da nake jin tsoro shi ne yadda shawara ta koma zauren WhatsApp, inda wanda ya fi ba da kuɗi ya fi ƙarfin murya, manomin da ba shi da babbar waya kuma ba ya ciki. Sai a yanke cewa za a gina ƙofar gari mai ado, alhali in da an zauna a ƙofar dagaci an tambaya, kwalbati za a ce a sa a kan rafin da ke raba mutane da gonakinsu duk damina, in kuma an tambayi mata, injin niƙa ko ruwa za su ce. Zumunta a ƙafa take, kuma shawarar gari ma haka.

Wanda ya haɗa da sayen gona yana da ƙarin nauyi. Yana ba 'yan ƙwadago aiki, wannan gaskiya ne, amma da kaka sai a ga mota ta zo ta kwashe masara da wake zuwa rumbun ajiya a birni ko kasuwar Tudun Hatsi. Zakkar amfanin gona idan ya kai nisabi ɗaya bisa goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga abin da aka shayar da wahala, kuma malaman Malikiyya sun ce a inda aka girbe ake raba ta, sai in akwai waɗanda suka fi bukata a wani wuri. Talakawan garin da gonar take su ne farkon masu haƙƙi a cikinta.

Da yawa daga cikin masu ginin ba sa komawa ko bayan sun ajiye aiki, saboda asibiti da makarantar yara da sabo da birni. Idan suka rasu, gidan yakan faɗa hannun 'ya'yan da ba su san sunan maƙwabcinsu ba, su kuma sai su sayar wa duk wanda ya fi tayi. Kafin a kai ga haka ma, rufewar kanta tana cin gini: jemagu su cika silin, gara ta kama ƙofofi, famfo ya bushe ya tsattsage, duk zuwa sai an kashe kuɗin gyara.

A daidai wannan lokaci, malamin firamare da ma'aikaciyar jinya da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo garin ba su da wurin kwana. Shi ya sa suke zama a hedikwatar ƙaramar hukuma suna zuwa a kan acaɓa, kuma tun da mai ya yi tsada zuwan ya ragu. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare sai ta tarar da ɗakin shan magani a rufe, ba don babu ungozoma a takarda ba, sai don tana kwana a wani gari. Ɗakunan baya na waɗannan gidaje za su iya rage wannan matsala ƙwarai. Na san abin da masu gidajen ke tsoro, wato kada wanda aka ba aro ya ƙi fita, ko ya lalata wuri, ko iyali su zo Sallah su rasa sakewa, kuma tsoro ne mai dalili. Maganinsa shi ne a fitar wa ɗakunan ƙofarsu daban ta waje, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shugaban makaranta ko na asibitin, a bayyana cewa aro ne na shekara guda da za a iya sabuntawa, cewa yana ƙarewa ranar da aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, a kuma faɗi wanda zai ɗauki nauyin ƙananan gyare-gyare da share tsakar gida.